Gurbin Mai Rakiya

Shekarar da yanar ido ta gama rufe idon Inna, ni ne mai kula da kwamfuta a wani ƙaramin ofishin lafiyar ido a Birnin Kebbi. Jihar ba ta daɗe da samun kanta ba, ofisoshi da yawa a gidajen haya suke. Namu gidan wani ɗan kasuwa ne a Nasarawa, falo ya zama wurin taro, ɗakin girki ya zama nawa. A nan aka girke kwamfutar, inda a da ake ajiye tukwane, kuma duk ranar da zafi ya tsananta sai bango ya riƙa fitar da ƙanshin man ja.

Inna tana Argungu tare da ƙanena. Ta kai ga ba ta gane mutum sai ya yi magana, in za ta kewaya sai ta bi bango. Ana cikin haka labari ya zo cewa wasu likitocin ido za su sauka a Argungu su yi 'yan kwanaki suna cire yana kyauta, kuma ofishinmu ne zai tsara waɗanda za a kira. Na aika wa ƙanena da saƙo ta hannun direban tasi cewa ya kai ta a rubuta ta, kada ya yi wasa. Tun daga ranar ban sake zama a kujera na nutsu ba.

Ni ne ɗanta na fari. Da aka yaye ni aka kawo ni wurin kakana a Birnin Kebbi, a nan na yi allo, na yi boko, na yi gemu. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in magana ta kama dole sai ta ce "wancan". Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Sunan ƙanena kuwa daga safe har dare yana bakinta, ko buta za a miƙo mata sai ta kira shi da cikakken sunansa. Na girma ina jin haushin yaron da bai yi mini komai ba.

Ga yadda aikin yake. Malaman asibitocin ƙauyuka su suke rubuta mutane a takarda, sai masu buga tafireta na ƙananan hukumomi su juye a kwamfuta, a aiko mana a faifai. Kowane mutum yana da 'yan layuka: suna, gari, shekaru, idon da ya fi damunsa, da mai rakiya. Kowane layi kuma gida biyu ne, tambaya a hagu, amsa a dama. Da haka aka bi da ban sha wuya ba. Amma kowane mai bugu da hannunsa. Wani ɗigo biyu yake sawa tsakanin tambaya da amsa, wani alamar daidai, wani ɗan gajeren layi, akwai wani bawan Allah da ke barin fili kamar zai shuka shinkafa a ciki. Shugabarmu kuma jadawali take so, kowa a layinsa, kafin ƙarshen mako.

Mama muke ce mata. Tsohuwar nas ce, 'yar kudu, aure ya kawo ta Birnin Kebbi tun ana lardi, mijinta yana da shagon kayan gini a kasuwa. Hausarta ta fi tawa Kabanci. Doka ɗaya ta kafa mini: likitoci sun ce ba za su taɓa idon wanda ba shi da mai rakiya ba, domin za a naɗe idon, sai da mai riƙe hannun mutum har a warware. Duk wanda bayaninsa bai cika ba in ware shi gefe.

Da hannu aikin ba zai ƙare ba. Sai na tuna da wasu takardu da wani ɗan bautar ƙasa ya bari a durowa, a kan abin da masu wannan sana'a suke kira rejeks. Layi ɗaya ne na alamomi, wanda bai sani ba zai ce kaza ce ta taka madannai, amma umarni ne ga kwamfuta kan siffar abin da za ta nema a cikin rubutu. Ni rariya nake ce masa. Na rubuta tawa, ma'anarta kuwa ita ce: fara daga bakin layi, kwashi haruffa har ka ci karo da ɗigo biyu ko alamar daidai ko gajeren layi, wannan ita ce tambaya; tsallake fili komai yawansa; abin da ya rage har ƙarshen layi shi ne amsa. A ƙarshe na sa alamar tarawa, wadda ke nufin dole a sami aƙalla harafi ɗaya a gidan amsa. Wanda aka sami gidansa ɗaya wayam, injin ya jefa shi a wani fayil daban. Na raɗa wa fayil ɗin suna tsakuwa, ina jin kaina gwani.

Bazara ce, wuta kuma tana zuwa ne kamar baƙon da ke sauri. Ta zo, in kunna, kafin injin ya gama farkawa ta tafi. In fita bakin ƙofa, in dawo, in leƙa ƙwan fitila, in sake fita. Masinja ya ce in ina son tafiya Argungu da ƙafa in tafi kawai, na riga na taka rabin hanyar a tsakar gida. Janareta muna da shi, mai ne babu. A haka, guntu-guntu, na yi ta gyara rariyar. Ta haɗiye wani layi da bai kamata ba, in matse ta. Ta ƙi wani mai manyan baƙaƙe, in sassauta. Ranar da ta tafi daidai na ga sunaye suna zubowa a jere, kowane da garinsa, har na tashi tsaye na tafa ni kaɗai.

Mama ba ta bar ni na more ba. Direba yana waje ya kunna mota, takarda na fitowa daga injin bugawa Mama na warcewa. A ranar aka kai wa hakimai, aka kai gidan rediyo don a sanar da kowa ranar da zai zo. Sai da motar ta tashi na zauna na buga sunan Inna a wurin nema. Babu. Na bi mutanen Argungu ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan gilashi, babu ita. Ina shirin sake dubawa wuta ta ɗauke.

Raina ya tafi kai tsaye kan ƙanena. Na ce shi ke nan, ya tsaya surutu a majalisa ya manta. Lokacin babu wayar hannu da zan zage shi daga inda nake, don haka na hau kabu-kabu zuwa tasha. Tasin ya ƙi cika. Na shiga, na fito, na sayi ruwa ban sha ba, na yi faɗa da ɗan kamasho a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da muka tashi kuma direban ya tsaya a Zauro ɗaukar buhunan shinkafa, yana gaisawa da kowa har da tambayar lafiyar shanu. Ni kuwa ina ta tsara maganganun da zan gaya wa ƙanena, ina zaɓen waɗanda suka fi ciwo.

Na same shi a ƙofar gida ya kwance injin ban-ruwa, sana'arsa ke nan, hannunsa duk baƙin mai. Na wuce shi na shiga na durƙusa a bakin ɗakin Inna na yi gaisuwa. Ta san muryata sarai, amma sai ta ɗaga murya ta kira ƙanena.

"Wa na?"

"Yaya na, Inna."

"Ya zo lahiya? A ba shi ruwa."

Na fito na ja shi zaure. Ban bari ya wanke hannu ba na fara. Ya bar ni na yi har na gaji, yana goge yatsunsa da tsumma, sannan ya ce:

"Wallahi Yaya na kai ta. Ni nig goya ta bisa babur, munka yi layi har azahar."

"To mi ya hana a rubuta ta?"

"An rubuta ta gabana. Da malamin asibiti yat tambayi mai rakiya, nic ce shi sa ni. Tac ce a'a, ba ni na ba. Yac ce to wa na, Inna? Sai tad duƙad da kai tay yi shuru. Malamin yay yi murmushi, yac ce ya gane, yab bar wurin hakanan."

Na nemi wuri na zauna a kan dakalin zauren. Abu biyu suka zo mini tare, kuma har yau ban san wanda ya riga ba. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, domin ga wanda take kira dare da rana a tsaye kusa da ita, ta ce ba shi ba. Na kuma tsorata, domin na san daidai inda sunanta yake. Tana cikin tsakuwa.

An kawo tuwo ban tsaya ba. Ina sa takalmi na ji ta daga ɗaki tana ce wa ƙanena, "Hwaɗa mai rana ta yi zahi, shi bari sai la'asar." Ban bari ba.

Washegari da safe na sayi galan na mai a wurin 'yan bumburutu, na tayar da janareta da kaina, na buɗe fayil ɗin. Ga ta nan kuwa, suna daidai, gari daidai, ido na dama, mai rakiya ɗigo biyu sai fili. Kuma ba ita kaɗai ba. Na yi ta gangarawa, tsofaffin mata ne kusan duka, daga Argungu, daga Augie, daga ƙauyukan bakin fadama, kowace gidan mai rakiyarta wayam. Wasu ɗan fari ne, wasu miji, wasu suruki, duk mutanen da bakin mace ba ya ɗauka. Malaman asibitin 'yan ƙasa ne, sun gane shirun, sun girmama shi. Ni da na fi kowa sanin wannan shirun ni ne na rubuta abin da ya zubar da shi.

Sai wani tunani ya sa na koma kan jerin da aka riga aka aika. Na nemi kalmar babu. Suka fito reras. Mai rakiya, babu. Mai rakiya, ba kowa. Waɗannan su ne marasa gata na gaskiya, sun faɗa da bakinsu an rubuta, rariyata kuma ta ga haruffa a gidan amsa ta ce sun cika, su wuce.

Na kwashi takardu na faɗa ofishin Mama ba sallama. Ta cire tabarau ta saurare ni har ƙarshe, ta duba wannan ta duba wancan.

"Wato ɗana, injinka ya ɗauki masu cewa babu, ya zubad da masu jin kunya."

"Abin da anka hwaɗa mai shi yay yi, Mama. Ke kinka ce a ware wanda bai cika ba."

"Ni nic ce. Kai ko da ad ɗan gari ba ka tuna min ba." Ta mayar da tabaran. "Masu babu a bar su, an riga an kira su, ni za ni nemo musu ɗaliban nas su riƙe su. Waɗanga kuma ka maido su, in aika a tabbatar. Amma baya za su bi, ba ni tada wanda ya ji ranarshi ga rediyo."

Baya na nufin ranar ƙarshe, kuma duk wanda ya taɓa ganin irin wannan aiki ya san ranar ƙarshe ba ta da tabbas. Kayan aiki kan ƙare, likita kan gaji. Na ce mata mahaifiyata tana ciki. Ta ce ta gani. Na ce ko a cikin na bayan ma ai ana iya matso da ita sama.

"Kai ka riƙe da injin," in ji ta. "In ka yi ba ni gani. Amma tsohuwad da za ka turawa ƙasa, ita ma tana da nata wancan."

Na fita ina huci. Na ce a raina wannan mata ba ta da tausayi, na kuma faɗi wasu abubuwan da ba na rubutawa ba ne. Gyaran kansa bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Na cire alamar tarawa na sa alamar tauraro, wanda ke nufin ko da harafi ko babu, a karɓa. Na ƙara umarni cewa inda aka sami fili a gidan mai rakiya a rubuta akwai, inda aka sami babu a yi masa alama. Tsofaffin suka dawo a jere yadda aka rubuta su tun farko, Inna can wajen ƙasa. Na daɗe ina kallon layinta. Ban matsar da ita ba, kuma ba don kirki ba. Na san in maganar ta fita ta kai kunnenta, to ko da sarƙa ba za a kai ta asibitin ba.

Ranar ƙarshe tun da hantsi muna ƙarƙashin itatuwan dogon yaro a harabar asibitin Argungu. Tsofaffin suna zaune a tabarmi, mu kuma masu rakiya muna tsaitsaye nesa kaɗan, ba wanda ya zauna kusa da tasa. Ban taɓa ganin 'ya'yan fari sun taru wuri guda haka ba. Ga wani malamin makaranta da tumbi, ga wani soja da ya ɗauko hutu, ga wani masunci dogo mai faɗin kafaɗa wanda muka yi ta zagaya bishiya ɗaya da shi har muka saba. Mai kira zai fito ya faɗi sunan tsohuwa, ya ce, "Mai rakiya akwai?" Sai ka ga ƙaton mutum ya taso da sauri yana gyara hula, ita kuwa ta kawar da kai kamar ba ta san da shi ba.

Layi ba ya tafiya. Azahar ta yi, muka yi salla a gurguje muka dawo. Wani ya ce ya ji kayan ɗinki sun kusa ƙarewa. Wani ya ce ya ga ana ɗaure akwatuna a bayan motar likitoci. Na je taga na leƙa aka kore ni, na je wurin Mama ta ce in ban bar mata wurin ba za ta sa a ɗaure ni a gado. Na koma na tsaya inda nake hango Inna. Tana zaune da sandarta a gefe, tana jan carbi, ba abin da ya dame ta. Haushi ya kama ni har da ita. Da ta buɗe baki ta faɗi kalma ɗaya rak a gaban malamin nan, da tun shekaranjiya an gama.

La'asar ta gota aka kira ta. Na ji "Mai rakiya akwai?" na ce akwai da ƙarfin da ya sa mutane suka waiwayo. Na durƙusa na miƙa mata hannu. Ta lalubo sandarta ta miƙo mini ƙarshenta. Haka muka ratsa harabar, ina gaba riƙe da kan sanda tana biye. A bakin matakala ƙafarta ta goce, sai ji na yi ta cafke wuyan hannuna. Hannunta busasshe ne, mai ƙarfi, da ɗumi. Ba ta saki ba har ƙofar ɗakin aikin, ni kuma na rage sauri da gangan.

Bayan ita mutane kaɗan aka ƙara ɗauka. Mai kira ya fito ya ba da haƙuri, ya ce sai in an sake dawowa. Mahaifiyar masuncin nan tana cikin waɗanda aka bari. Bai yi faɗa ba. Ya zo ya ba ni hannu ya ce Allah ya ba tawa lafiya, ya je ya naɗe tabarma, ya kama kan sandar tasa suka nufi ƙofa. Na so in gaya masa cewa da ba don alama ɗaya da na sa ba, da an kira su tun ranar farko. Na bi bayansu har bakin titi, ban iya ba.

Ido ɗaya aka yi wa Inna, na dama. Ta kwana a asibitin da naɗi a fuska, da safe muka taru a kanta, ni da ƙanena da matarsa da jaririnsu. Nas ta warware naɗin a hankali, ta goge, ta ce ta buɗe. Inna ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta ɗaga hannunta ta juya shi gaba da baya. Ta kira sunan ƙanena ta ce ashe haka ya yi ƙiba. Ta karɓi jaririn ta kai shi dab da fuskarta, ta ce kunnuwan kakansa ne, ta yi wa matar tsiya a kan zanen da ta ɗaura. Kowa yana dariya.

Ni ina tsaye a ƙarshen gado, na rasa inda zan sa hannuwana. Idon ya bi ta kaina ya wuce zuwa taga. Ya dawo. Ya tsaya a kaina ɗan lokaci, daga hula zuwa haɓa, sannan ta sunkuyar da kai ta shiga gyara wa jaririn riga. Can ta kira ƙanena, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Wancan yaushe yay yi hurhura? Ba wanda ya hwaɗa min."

Na fita na zaga bayan ɗakin, inda ake shanya zannuwan gado, na shiga tsakaninsu na yi kukana inda ba mai gani, don ni ma ɗanta ne, ina da tawa kunyar.